Kakana, Rasha, da Guntun Ƙarfen Dogo

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, Kaka kuwa ya riga mu tafiya. Yau kwana arba'in ke nan.

Ni dai ban taɓa ganin zaman makokin da aka sha dariya kamar nasa ba. Mutum zai shigo a natse, ya durƙusa ya ce ya haƙuri, a yi addu'a a shafa, sai ya yi shiru kansa a ƙasa. Can sai ka ga kafaɗunsa suna rawa. In an tambaye shi ko lafiya, sai ya ce wallahi wata maganar marigayi ce ya tuna. Goggo, babbar 'yar Kaka, ta yi ta harara har ta gaji, daga baya ita ma na kama ta a madafi tana dariya tana share hawaye da gefen zane.

Limamin unguwarmu ya ce shi kam ya shiga duhu, don ya fi shekara ashirin bai kunna rediyo ba. In an sallame asuba Kaka ne ke zayyana masa labaran duniya a ƙofar masallaci, har da sharhi. Matan zumunta na cocin da ke tsallaken layin dogo sun zo da ankonsu, da itace, da daro guda na acca. Shugabarsu ta riƙe hannun Goggo ta ce, "Ubangiji ya ta'azantar da ku. Baba namu ne duka." Wata a cikinsu ta matso kusa da ni ta tambaya a hankali, wai da gaske ne a Rasha ya yi karatu? Na ce mata iyakar tafiyar Kaka a duniya Makurɗi ce, ita ma aiki ne ya kai shi. Ba ta yarda ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Papa, aminin Kaka. Tsoho ne daga gabas, tun yana saurayi aikin reluwe ya kawo shi Kafanchan. Kullum zai zo da sassafe ya zauna a gindin mangwaron ƙofar gida, ya zuba wa wani guntun ƙarfen dogo da ke rataye a reshe ido. Abinci in an kai masa, yadda aka kai haka ake dawowa da shi. Saboda wannan ƙarfen nake rubutun nan, kada 'ya'yana su girma su ɗauka ƙararrawar makaranta ce aka ajiye mana.

Kaka mai sigina ne, wato mai ba jiragen ƙasa alamar tsayawa ko wucewa. Shekara talatin da wani abu ya yi a ɗakin sigina na tashar Kafanchan, Papa kuma shi ne mastan ƙaramar tashar Kagoro, wato shugabanta. Layi ɗaya ne tsakaninsu, don haka ba a sakin jirgi sai an yi magana da ƙararrawa. Bugu ɗaya, kana nan? Wancan ya amsa da ɗaya. Bugu biyu, jirgi ya bar wurina. Biyu sannan ɗaya, ya iso lafiya, hanya ta buɗe. Duk abin da aka buga maka sai ka maimaita shi, don a san ka ji. Kafin a ji biyu da ɗaya kuwa layi a rufe yake, ko gwamna ne a jirgin baya sai ya jira. Sun ce sun yi shekara bakwai suna wannan hira da ƙararrawa kafin su ga fuskar juna. Da suka yi ritaya, gidan Papa ya zo daidai tsallaken layi, sai kowa ya rataye guntun ƙarfe a ƙofar gidansa. Bayan la'asar Kaka ya buga ɗaya, Papa ya amsa, sai ɗaya ya tsallaka wurin ɗaya. Yau a gidanmu, gobe a nasu.

Abin da ke haɗa su kuwa gardama ce, kuma ba ta farashin masara ba. A gardamar nan Kaka ɗan Tarayyar Soviet ne, wadda bai taɓa kira da wani suna ba sai Rasha. Papa ɗan Amurka ne. Kaka bai taɓa ganin Barashe ba ko a mafarki. Ya dai ji cewa ƙasar ma'aikata ce, kuma su ne ke gina mana masana'antar ƙarfe, shi kuwa a lissafinsa duk wanda zai narka ƙarfen dogo mutumin kirki ne. Papa yana da ɗa da ke karatu a Amurka, kuma bai manta jiragen saman Rasha da suka bi ta kan ƙauyensu lokacin yaƙin basasa ba. Wannan na biyun ba sa wasa da shi. In magana ta zo kansa, Kaka kan sunkuyar da kai ya ce, "Wannan kam ba mu kyauta ba, Masta," sai ka ce shi ya tuƙa jirgin.

Rediyonsa mai gajeren zango ne, an ɗaura masa waya ta hau har ƙolin mangwaro. Ni ce na kawo masa tsohuwar taswirar duniya daga makarantar da nake koyarwa, ya manna ta a bangon zaure. Yakan ce da ni, "Amarya, zo ki nuna wa mijinki inda Afganistan take, idona ya ƙi ƙananan rubutu." In ce masa ni ba na auren ɗan gurguzu. Ya ce to in koma wurin Papa, in ga ko Amurka za ta saya mini ko ɗankwali. Afganistan ɗin nan ta ba shi wahala tun da sojojin Rasha suka shige ta, don liman ba ya barinsa ya sha ruwa a kanta. Amsarsa ɗaya ce kullum: direba ne ya shiga layin da ba nasa ba, kuma da baya da baya zai fito. Da sojojin Rasha suka fice, ya yi mako guda yana tuna wa mutane cewa shi ya fara faɗa.

Sai rikicin 1987 ya tashi a garinmu. Ba zan shiga maganar wa ya fara ba, kowane ɓangare yana da labarinsa, kuma na ji duka biyun har na ƙoshi. Abin da na sani shi ne layin dogon da muke tsallakawa ba tare da mun lura ba ya zama iyaka. An sa dokar hana fita, an ɗage ta, amma ƙafafun mutane ba su saki ba. Kaka ya ci gaba da fita bayan la'asar yana buga ɗaya. Shiru. Washegari ya sake. Shiru.

Maƙwabta suka fara magana ƙasa-ƙasa, wai tsohon nan saƙo yake aika wa mutanen tsallake. Goggo ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, don Allah ka bar ƙarfen nan. Za ka ja mana abin da ba za mu iya ba."

Ya ce, "Saƙo nake aikawa mana. Tambayarsa nake ko yana nan."

"To ai bai amsa ba. Ba ka gane ba?"

"A aikinmu in ƙararrawa ta ƙi amsawa ba a cewa an gane. Ba a cewa ya mutu, ba a cewa ya yi fushi. Mutum ake tashi ya taka layin da ƙafarsa ya je ya gani."

Rana ta tara ya buɗe akwatinsa ya zaro tsohuwar jar tutar aiki, ya sa hularsa, ya hau kan layi tsakar rana yana tafiya a hankali da tutar a ɗage. Tsoro ya kama ni sosai, ban ɓoye ba, kuka na yi. Muna leƙe ta katanga har ya sha kwana. Daga baya Mama, matar Papa, ta ba mu sauran labarin. Ashe ita ce ta ɓoye gudumar da Papa ke buga ƙarfensa da ita a cikin buhun gari, don su ma maƙwabtansu sun ce Papa saƙo yake karɓa daga mutanen tsallake. Kwana tara Papa yana jin bugun yana zagaye tsakar gida, ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa. Da ya hango Kaka ya fito da gudu ba takalmi, ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Oga Sigina, duk wahala da muna ciki, tutar Rasha ne ka kawo mini?"

Mama ta ce sun yi dariya har suka zauna a ƙasa, sannan suka yi kuka. A ranar Kaka ya ce mata, "Madam, ƙasashen nan biyu kowacce ta auna 'yar'uwarta da makamin da zai tashi duniya, amma akwai waya tsakanin Mosko da Washington, kuma ba a taɓa tsinke ta ba. Mu da ba mu da ko gwafa, ke za ki tsinke tamu?" Ta shiga ta zaro gudumar, duk ta yi fari da gari. Daga ranar suka ƙara doka. In baƙo ya tashi tafiya, mai gida zai buga biyu. In ya isa gida sai ya buga biyu da ɗaya, mai gida ya maimaita, sannan kowa ya shiga harkarsa. Da farko unguwa ta yi ta gunaguni. Kafin shekara ta zagayo, mata a ɓangarorin biyu da bugun suke ɗora tukunyar tuwo.

Sau ɗaya na ga Kaka ya kashe rediyo ana tsakiyar labarai. Lokacin da aka dasa bam a jirgin saman fasinja ya tarwatse a kan wani gari a Scotland ne. Wani baffana, ɗan ƙanin Kaka, yana zaune a majalisar, sai ya ce ai gara su ma su ɗanɗana abin da suke yi wa mutane. Kaka ya murɗa rediyon, wurin ya yi tsit. Ya ba da labarin wani hatsari da ya gani yana sabon ma'aikaci. Wani lebura ne ya yi faɗa da shugabansa, ya je ya kwance notinan layi don a kori shugaban. Jirgi ya zo ya kife. Shugaban yana gidansa yana cin abinci. Wadda Kaka ya ciro daga tarago da hannunsa wata mata ce mai kai citta kasuwa, ba ta san leburan ba, ba ta san shugaban ba.

Ya ce, "Mai kwance noti ba ya tambayar wa ke cikin tarago. Tashi ka ba ni wuri."

Baffa ya yi mako bai zo ba. Kaka da kansa ya aika a kira shi, wai wayar rediyo ta saki a kan mangwaro kuma babu mai hawa. Wayar lafiyarta ƙalau, ni na duba. Baffa ya hau ya sauko, aka miƙa masa shayi, ba a sake tada maganar ba.

Kada a ɗauka Papa ya tsira. Da aka fara yaƙin Tekun Fasha, Amurka tana ruwan bama-bamai, Papa ya zo yana yaba ƙwarewar matuƙa jiragensu. Kaka ya ce wanda ke sama ma ba ya tambayar wa ke cikin tarago, bambancinsa da mai kwance noti kawai shi yana da albashi da kaki. Papa ya ji haushi ƙwarai. Kwana uku ba sa magana da juna. Amma fa a buga ɗaya, a amsa, Papa ya tsallako, su zauna kowa ya ba ɗan'uwansa baya suna sauraron rediyo, ya tashi ya tafi, a buga biyu, a buga biyu da ɗaya. Goggo ta ce ita ba ta taɓa ganin gaba mai wahala irin wannan ba.

Ranar da aka fi tunawa a wurin makoki kuwa ita ce ta ƙarshen 1991, da Tarayyar Soviet ta wargaje. Papa ya zo sanye da baƙar kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, da goro a ƙunshe. Ya cire hula ya durƙusa.

"Oga Sigina, na zo gaisuwa. Na ji Rasha ya mutu. Sori fa. Allah ya ba ka hankuri."

Mun ɗauka Kaka zai fusata. Sai ya gyara zama, ya sa aka shimfiɗa babbar tabarma, ya karɓi goron da hannu biyu. Ya ce, "Mun gode, Masta. Ta sha jinya."

"Tsufa ne ya kashe shi?"

"Taragu ne suka yi mata yawa. Goma sha biyar a bayan inji ɗaya, ga hawa, ga ba gawayi. Kowanne ya tsinke ya kama gabansa."

Labari ya zaga, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, har da liman, wanda ya ce shi dai ba zai yi mata addu'a ba amma zai sha shayi. Kwana uku Kaka yana karɓar gaisuwar Rasha a ƙofar gida. A rana ta uku da mutane suka ragu, na ji ya ce wa Papa, ba da wasa ba, "Kana murna tasharka ce kaɗai ta rage. Da can, in taka za ta saki jirgi sai ta saurari tawa, ko ba ta so. Yanzu wa za ta tambaya? Tashar da ba ta jiran amsar kowa, wata rana sai ta haɗa jirage biyu a layi ɗaya." Papa ya ce baƙin ciki ne kawai ke damunsa.

Bayan shekara biyu ko uku, da sojojin Amurka suka tattara suka bar Somaliya, Kaka ya sa aka sayo masa lemo cikin leda ya tsallaka. Ya ce, "Ba gaisuwar mutuwa na zo ba, dubiya ce. Taka ba ta mutu ba, tari dai ta fara." Papa ya zage shi da yarensu, ya kuma shanye lemon tas.

Akwai kuma wani abu da ban taɓa jin sun yi wasa da shi ba. Suna gardama kan manyan ƙasashen duniya, tashar da suka ba ƙuruciyarsu tana mutuwa a gabansu. Jirgi sai a yi makonni bai zo ba, ciyawa ta rufe layi, awaki suna kwana a kai. In suka ji kukan jirgi daga nesa sukan yi shiru su duka biyu har ya wuce, Papa ya duba agogonsa ya girgiza kai.

A daminar bana aka tashi bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka a gabashin Afirka. Ranar zuwa gidan Papa ce. Papa ya ce da ya hango shi ya duba hannunsa ko akwai lemo, ya ga babu. Kaka ya ce masa yau ba wasa. Suka zauna suna saurare, ana cewa yawancin waɗanda suka mutu 'yan ƙasa ne, masu wucewa da ma'aikatan ofisoshin kusa. Can Kaka ya ce, "Mai citta ce dai, Masta. Kullum ita ce."

Ina tsakar gida na ji Papa ya buga biyu. Na fito da buta don na san alwala zai fara nema. Na gan shi ya hauro daga layi a hankali, ya iso gindin mangwaro, ya miƙa hannu wajen guduma, sai ya fasa ya zauna ya jingina da itacen. Ya ce, "Amarya, ƙirjina." Muka kwashe shi zuwa asibiti, ba wanda ya tuna da ƙarfe. Papa ya jira a ƙofar gidansa, da ya ji shiru ya yi yawa ya tako layin da ƙafarsa, ya tarar mun tafi. Da safe Allah ya karɓi ran Kaka.

Ranar sadakar uku na ɗauki kwanon abinci da kaina na kai wa Papa. Na durƙusa na ce, "Papa, don Allah ka ci ko kaɗan ne. Mama ta ce ko a gida ba ka ci."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ticha, bai buga ba. Ni na sake shi. Na ba shi biyu, bai ba ni biyu da ɗaya ba. Layi yana rufe har yanzu."

Na duba inda guduma ke zama, babu ita. Na shiga wurin Goggo na faɗa mata. Goggon nan da ta yi shekara goma sha ɗaya tana cewa ƙarfen nan ciwon kai yake sa mata, ta ɗaga katifarta ta zaro gudumar. Ta ce ta ɓoye ne don ba za ta iya jin wani ya taɓa shi ba. Ta miƙo mini ta juya baya.

Na ce wa Papa ya koma gida ya tsaya a wurin ƙarfensa. Ya dube ni, ya sa hularsa, ya tafi. Na ba shi lokaci daidai tafiyar tsoho. Inda Kaka ya sauka Allah ne ya sani, mu dai fata muke yi masa, muna roƙon Allah ya gafarta masa ya sa ya huta. Amma gida kam ya iso, da idona na gan shi da hannunsa a miƙe. Don haka ba ƙarya zan buga ba. Na buga biyu, na dakata, na buga ɗaya.

Masu zaman makoki suka yi tsit, har waɗanda ke cikin gida. Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin ko bai kai ba. Sannan daga tsallaken layi muka ji biyu, muka ji ɗaya. Liman ya cire tabarau yana goge ido. Mama ta aiko da yamma cewa Papa ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Na ɗauka shi ke nan an rufe. Washegari bayan la'asar muna wanke kwanukan baƙi, sai muka ji bugu ɗaya daga tsallake. Kafin in tsame hannuna daga ruwa, Goggo ta riga ni zuwa gindin mangwaro.